Zazzafan Ɗigo a Hoton Dare: Nazari kan Ɗaukar Taurari a Ƙasar Bangi

Garin Bangi, hedkwatar ƙaramar hukumar Mariga a masarautar Kontagora ta jihar Neja, yana cikin wuraren da dare ke yin duhu na gaske, domin babu hasken fitilun manyan birane da ke dusashe sararin samaniya, kuma zamansa a wajen digiri 11 arewa da tsakiyar duniya ya sa ana ganin taurarin arewa da mafi yawan na kudu daga tsakar gida ɗaya. Mai hoton da ya kafa kyamararsa a kan maɗori mai ƙafa uku, ya bar ƙofar haskenta a buɗe na daƙiƙa 30 ko na mintoci da dama domin ya kama Kaza da 'ya'yanta ko sawun taurari a kewayawarsu, yakan tarar da wasu ƙananan ɗigo ja da kore da shuɗi da fari a warwatse cikin hoton, alhali babu su a sama. Waɗannan su ne zazzafan ɗigo, kuma yadda ake magance su ya zama fanni mai zaman kansa a cikin sana'ar hoton dijital, wanda hanyoyinsa suka bambanta ƙwarai wajen riƙon amanar abin da aka ɗauka.

Fahimtar matsalar tana buƙatar sanin farantin karɓar haske, wato sensa, wanda ya maye gurbin fim. Faranti ne na silikon da aka rarraba zuwa miliyoyin ƙananan gurabe da ake kira fiksel, kowane gurbi yana mayar da hasken da ya faɗo masa zuwa ƙwayoyin lantarki da ake kira ilektoron, yana tara su har a rufe ƙofa, sa'annan a ƙirga yawansu a mayar da shi lamba. Willard Boyle da George Smith ne suka ƙirƙiro nau'in farko mai suna CCD a cibiyar Bell Labs ta Amurka a 1969, aikin da ya samar musu kyautar Nobel a 2009, kuma Steven Sasson na kamfanin Kodak ya haɗa kyamarar dijital ta farko da shi a 1975. Nau'in CMOS da ke cikin kusan kowace kyamara da waya a yau ya bunƙasa ne daga aikin Eric Fossum da abokan aikinsa a wata cibiyar binciken hukumar NASA a farkon shekarun 1990. Fiksel ba ya gane launi da kansa, shi ya sa ake lulluɓe farantin da matatar launi irin wadda Bryce Bayer na Kodak ya tsara, inda rabin gurabe ke karɓar kore, rubu'i ja, rubu'i shuɗi. Wannan ne dalilin da ya sa gurbi ɗaya mai lahani ke fitowa da launi mai kaifi, kuma bayan manhaja ta haɗa launuka yakan bazu zuwa maƙwabtansa ya zama kamar ɗan gicciye.

Tushen lahanin shi ne cewa silikon yana sakin ilektoron ko da babu haske ko kaɗan, saboda zafi kawai, abin da masana ke kira kwararar duhu. Kowane fiksel yana da nasa rabo na wannan kwarara, amma wanda ke da aibi a ginin silikon ɗinsa, ko daga masana'anta ko daga bugun ƙwayoyin da ke zuwa daga sararin samaniya a tsawon shekarun amfani, yana saki ninki da yawa fiye da 'yan'uwansa. Abubuwa uku ke fito da shi fili. Na farko tsawon lokaci ne, domin abin da gurbin ke tarawa yana ƙaruwa daidai da daɗewar buɗe ƙofa, shi ya sa mai hoton biki da ke ɗauka cikin kashi ɗaya bisa ɗari na daƙiƙa zai iya shekaru bai san kyamararsa na da shi ba. Na biyu ma'aunin ISO ne, wanda ke ƙara ƙarfin duk abin da aka karanta, na gaskiya da na ƙarya. Na uku, wanda ya fi shafar ƙasar Bangi, shi ne zafi, domin kwararar duhu tana ninkuwa sau biyu a kowane ƙarin digiri 6 zuwa 8 na ma'aunin Salsiyas. Ma'anar wannan ita ce kyamarar da farantinta ke digiri 35 a daren bazara tana fama da kwararar da ta kai wajen ninki huɗu, ko fiye, ta wadda take da ita a digiri 20, kuma a tuna cewa farantin yakan fi iskar waje zafi bayan ya jima yana aiki, musamman idan allon kallo na kunne.

Shawarwarin da ke cikin littattafan hoto mafi yawa an rubuta su ne a ƙasashen da dare ke sanyi, don haka mai hoto a nan yana da lissafin da ya keɓanta da shi. Watannin Maris da Afrilu, lokacin da rana ke kai wa wajen digiri 40 kuma bango da ƙasa ke ci gaba da huci har tsakar dare, su ne mafi muni ga faranti. Hunturu yana kawo sanyin da faranti ke so, amma yana zuwa da hazo da ƙurar da ke rufe ƙananan taurari, damina kuma tana zuwa da gajimare. Lokacin da ya fi dacewa shi ne kaka, daga ɗaukewar ruwa zuwa kafin hazo ya sauka, da kuma dararen hunturu da iska ta kwanta, kuma a kowane yanayi sulusin dare na ƙarshe ya fi goshin magariba, tun da a lokacin ne ƙasa ta gama sakin zafinta. Ƙurar hunturu ma tana jawo wani ruɗani, domin wadda ta shiga ta zauna a kan faranti tana fitowa a matsayin tabo mai duhu marar kaifi, wanda gogewa ke kawar da shi, haka nan mataccen fiksel baƙi yake fitowa a kowane hoto. Gwajin da ke raba gardama mai sauƙi ne: a rufe gilashin kyamara da murfinsa, a ɗauki hoto na daƙiƙa 30, duk ɗigon da ya haska a cikin wannan baƙin hoto daga cikin kyamarar yake, kuma a gurbi ɗaya za a same shi a kowace ɗauka.

Wannan gwaji shi ne kuma tushen hanya mafi inganci ta magani, wato cire hoton duhu. Ana ɗaukar hoto na biyu da murfi a rufe, da tsawon lokaci ɗaya da ISO ɗaya da zafi ɗaya, sa'annan a debe lambobinsa daga na hoton farko gurbi bayan gurbi, kamar yadda mai sikeli ke auna buhu fanko ya cire nauyinsa kafin ya faɗi nauyin gyaɗa. Kyamarorin Canon da Nikon da Sony da sauransu suna da zaɓi a cikin jerin saitinsu da ke yin haka da kansa bayan kowace doguwar ɗauka. Kyawun hanyar shi ne ta auna laifin kyamarar ne kai tsaye, ba ta taɓa tauraro don ya yi kama da lahani. Tsadarta kuwa ba ƙarama ba ce, domin tana ninka lokaci, ɗaukar minti huɗu ta zama ta minti takwas, tana cin batir a wurin da cajin batir kansa aiki ne, tana kuma barin giɓi a sawun taurari idan ana jera hotuna ɗaya bayan ɗaya. Akwai wani aibin da ba kowa ya sani ba, shi ne hoton duhu guda ɗaya yana ɗauke da tasa dusar da ba ta da tsari, wadda idan aka debe shi take ƙaruwa a kan ta hoton asali. Saboda haka ƙwararru ke kashe zaɓin, su ɗauki hotunan duhu goma ko ashirin a ƙarshen aiki kafin kyamara ta huce, su fitar da matsakaicinsu a kwamfuta, su yi amfani da shi a kan duk hotunan daren.

Hanya ta biyu ita ce taswirar fiksel, inda kyamara ke binciko gurabenta masu lahani ta rubuta adireshinsu, daga nan ta daina karanta su, ta riƙa cike gurbinsu da matsakaicin maƙwabta. Kyamarorin Olympus da Pentax sun daɗe da wannan zaɓi a fili. Cikewa ce, ba warkarwa ba, amma asarar gurabe ɗari cikin miliyan 24 ba abin da ido zai gani ba ne. Warkarwa ta gaske tana da wuya ko ga manyan cibiyoyi: madubin hangen nesa na Hubble, wanda aka harba a 1990, yana shan bugun ƙwayoyin sararin samaniya kullum, har masu kula da shi sukan ɗumama farantansa masu tsananin sanyi zuwa wajen digiri 20 kusan kowane wata domin wasu daga cikin guraben su koma daidai, sauran kuma a bi su da hotunan duhu.

Hanyar da ta cancanci a yi mata kallon tsanaki ita ce ta uku, wadda manhaja ke duba hoton da kansa, duk ɗigon da ya fi maƙwabtansa haske sosai ta ɗauke shi lahani ta shafe. A hoton rumfar kasuwa ko na masallaci da dare wannan ba ya cutar da komai, kuma manhajoji irin su Lightroom da darktable da RawTherapee suna yin sa da kyau. A hoton sama kuwa ƙaramin tauraro shi ma ɗigo ne mai haske a tsakiyar duhu, kuma manhajar ba ta da shaidar da za ta bambanta su sai zato. Wajen 2016 da 2017 masu hoton taurari sun koka ƙwarai da wasu kyamarorin Sony na jerin a7, waɗanda ke yin irin wannan tacewa a cikin ainihin fayil ɗin RAW, wato bayanan faranti kafin a sarrafa su, ta yadda ƙananan taurari ke dusashewa ko su canja launi ba tare da mai hoto ya iya hanawa ba. Hoton da ya yi tsab amma aka share masa taurari na gaskiya ya yi asarar abin da aka fita nema, kuma wannan asara ta fi ta barin 'yan ɗigo ja a gefe, waɗanda ko yaushe ana iya gyara su daga baya.

Mafita daga zato ita ce a samo wa manhaja shaida daga motsi. Tauraro yana tafiya a kan faranti saboda juyawar duniya, digiri 15 a kowace awa, zazzafan ɗigo kuwa yana nan daram a gurbinsa. Idan aka ɗauki gajerun hotuna masu yawa, misali talatin na daƙiƙa 15 a madadin guda ɗaya mai tsawo, aka daidaita su a kan taurari, lahanin zai faɗo a wuri daban a kowane hoto, sai lissafi ya jefar da shi a matsayin baƙo. Manhajojin DeepSkyStacker da Siril suna yin wannan kyauta. A kan wannan dabara aka gina yanayin dare na wayoyin zamani, kuma a 2019 kamfanin Google ya bayyana cewa wayarsa Pixel 4 tana haɗa hotuna har 15 na daƙiƙa 16 kowane, tana gano gurabe masu lahani ta hanyar kwatanta maƙwabta da kuma jerin hotunan. Wayoyin Tecno da Infinix da suka cika kasuwannin arewa su ma suna da yanayin dare mai haɗa hotuna, sai dai ƙanƙantar farantinsu da zafin da waya ke yi a hannu suna sa manhajar ta matsa wajen gogewa, kuma mai wayar ba ya ganin abin da aka goge.

Halin rashin tsaro da ya addabi yankin Mariga a shekarun nan ya sa fita daji da dare da kayan hoto ba shawara ba ce, don haka mafi yawan aikin a cikin gida za a yi shi, inda bangon da ya sha rana ke ƙara wa kyamara zafi. Abin da ke hannun mai hoto shi ne ya ajiye kyamara a inuwa tun da rana, ya kafa ta nesa da bango da rufin kwano, ya kashe allon kallo, ya bar 'yan daƙiƙoƙi tsakanin ɗauka da ɗauka, ya adana fayilolin RAW ba JPEG kaɗai ba. Sanyaya ta da ruwa ko ƙanƙara haɗari ne, domin raɓa na iya taruwa a cikinta. Hotunan duhu kuma ana iya tara su bisa yanayi, na bazara daban, na hunturu daban, a rubuta zafin daren da tsawon ɗaukar da ISO a jikin kowane rukuni, a kuma sabunta su bayan 'yan watanni, tun da sababbin gurabe masu lahani suna ci gaba da bayyana muddin ana amfani da kyamarar.