JavaScript Ta Yi Shiru, Mai Maki 95 Ya Sauko Ƙasa

Wani ƙanena da ke koyon rubuta manhaja a Babura ya turo min wannan layi na JavaScript: `40 <= maki <= 49`. So yake ya ware ɗaliban da suka ci tsakanin 40 da 49. Da ya gwada, mai 12 da mai 95 duk suka faɗa ciki.

Ga dalili. Kwamfuta daga hagu take farawa: `40 <= maki` zai ba da `true` ko `false`. Sai harshen ya mayar da `true` 1, `false` kuma 0, ba tare da sanarwa ba. To ai 1 da 0 duk ba su kai 49 ba, shi ya sa kowa ke shiga.

Ni dai harshen nake zargi. Python tana karanta layin yadda malamin lissafi zai karanta, Java kuwa ƙin karɓarsa take yi. JavaScript, wadda Brendan Eich ya ƙirƙira a 1995, shiru take yi, sai sakamakon yara ya lalace.

Rubuta `maki >= 40 && maki <= 49`, domin ana gama kwatance kafin a zo kan `&&`. Sannan ka gwada da 95.