Ƙugiyar Ƙaura Ba Ta da Laifi

Yau gyaran namu ya shafi masu shigar da sunaye cikin kwamfuta, musamman ku ɗalibai da ake ba aikin haɗa rumbun bayanai, na makaranta ne ko na ƙungiya ko na rabon tallafi.

Ɗauki garuruwa uku na arewacin Zamfara: Ƙaura Namoda, Shinkafi da Zurmi. Biyun ƙarshe ba ruwansu, duk inda ka saka su haka za su fito. Ƙaura ce ke shan wahala. A jadawali guda sai ka tarar da Kaura, K'aura, Qaura, {aura, ?aura, har da wata aba wai Æ˜aura. Ka tambayi rumbun mutum nawa suka fito daga Ƙaura, ya ƙirgo maka kaso ɗaya ya bar biyar. In jerin masu karɓar hatsi ne, wani Ɗahiru zai wuni a layi a ce babu sunansa, alhali yana ciki, an dai ajiye shi a matsayin ?ahiru.

Maganin da aka saba yi shi ne wanda muke suka: a bi jadawalin a sheme ƙugiyoyi duka, wai su ne ke kawo matsala. To ai ƙaura tashi ce daga wani wuri zuwa wani, kaura kuwa irin dawa ce. Baƙi da baki, kafa da ƙafa, daidai da ɗaiɗai, wanne za ka ce bambancinsa ado ne? An gudu ba a tsira ba, domin ainihin ciwon yana nan a rumbun.

Ga yadda abin yake. Kwamfuta lamba ta sani, kowane harafi da lambarsa. Tsarin ASCII na 1963 gurbi 128 gare shi, na Turanci zalla. Latin-1 ya kai 256, ya ɗauki haruffan Faransanci da Jamusanci, bai ɗauki namu ba. Unicode ne ya ba ɓ, ɗ, ƙ da ƴ lambobinsu, manya da ƙanana, tun farkon shekarun 1990. K tana lamba 75, Ƙ tana 408. A wajen na'ura ba su ma san juna ba. Sai dai manhajar MySQL, wadda ɗalibai da yawa ke koyo da ita, ta daɗe tana buɗe sabon jadawali da latin1 in ba ka ce mata komai ba, sai a fitowa ta 8.0 a 2018 ta koma utf8mb4. Tsofaffin rumbuna kuwa suna nan yadda aka gina su.

Ka lura, ɓacin iri biyu ne, kuma ba maganinsu ɗaya ba. In ka ga Æ™asa a madadin ƙasa, ko É—an a madadin ɗan, kwantar da hankalinka. UTF-8 yana ajiye ƙ cikin guntaye biyu, sai wata manhaja ta karanta kowane guntu a matsayin harafi mai zaman kansa. Rubutun lafiyarsa lau, karatun ne ya karkace. Excel kan yi haka in ka danna fayil ɗin CSV kai tsaye. Sake buɗe shi ka gaya masa UTF-8 ne, don Allah kar ka bi layi-layi kana gyarawa da hannu.

Alamar tambaya ita ce asara. Ma'anarta an tura Ƙ cikin gurbin da bai san ta ba, ya yar da ita ya dasa ? a wurin. Ɓ ce, Ɗ ce, Ƙ ce, babu sauran shaida, sai an koma ga takardar asali. Saboda haka tun kafin a shigar da suna ko ɗaya, a tabbata jadawalin da hanyar da manhaja ke magana da shi duk UTF-8 ne. Mai aiki da SQL Server ya zaɓi NVARCHAR, ya kuma sa N gaban sunan da yake turawa.

Su Qaura da {aura gadon tsofaffin salon rubutu ne, waɗanda suka ari q, x, v ko baka-biyu suka zana musu ƙugiya. Sun yi mana rana a zamaninsu, ba za mu ci amanarsu ba. Amma yau da Gboard ke da Hausa a wayar kowa, rubuta qasa da xaya ganganci ne kawai.

Sai alhamza. A yaren SQL, wannan 'yar alamar ita ke buɗe zance ta rufe shi. Ka nemi 'Yanbuki ta ƙasar Zurmi, ko wata Asma'u, ko Mu'azu, sai tambayar ta karye a tsakiya. Nan ma wasu suka yanke hukuncin cire ta, aka wayi gari da Asmau da Muazu. Ninka alamar ake yi, ko mafi kyau a miƙa sunan daban da umarnin. Rumbun da alhamzar Asma'u ke iya kayarwa, ɓarawon bayanai ma ta nan zai shiga.

Wani zai ce, to mai nema da ba shi da ƙugiya a madannansa fa? Gaskiyarsa. A yi gurbi biyu: ɗaya na sunan yadda Hausa ta rubuta shi, ɗaya marar ƙugiya don bincike kaɗai. Can ne za ka haɗe Ƙaura Namoda da Ƙauran Namoda da Ƙaurar Namoda su zama gari guda. (A karin harshen yankin, -r ta mallaka kan saje da baƙin da ke gabanta, kamar rigab Bello. Wannan darasin wata rana ne.)

Ga gwaji mai sauƙi. Shigar da garuruwan nan uku, ka ce rumbun ya jera su bisa abacada. A Hausa ƙ na bin k ne, don haka Ƙaura ce farko, sai Shinkafi, sai Zurmi. In ka ga Ƙaura ta koma bayan Zurmi, da ɗanyar lamba yake jeri, tunda Z tana 90. Sauya masa tsarin jeri zuwa na Unicode, ka sake gwadawa, ka turo mana abin da ya fito.