RFC 2819: Takardar da Ta San Iyakar Ƙwaƙwalwar Na'ura

A watan Mayun 2000 ƙungiyar IETF, mai tsara ƙa'idojin intanet, ta fitar da RFC 2819, wadda Steve Waldbusser ya rubuta. Ita ce ta gaji RFC 1271 ta 1991 da RFC 1757 ta 1995 wajen fayyace RMON, wato yadda na'ura za ta zauna a kan layin sadarwa tana ƙirga abin da ke wucewa, ta adana, har mai kula ya zo daga nesa ya karanta. Abin da ya sa nake girmama wannan takarda shi ne yadda ta ɗauki ƙarancin ƙwaƙwalwa da muhimmanci.

A dubi sashen tarihi. Mai kula yana faɗin yawan guraben ajiya da yake so, idan bai faɗa ba a ba shi 50. Amma akwai wani fili daban inda na'ura ke bayyana adadin da ta iya bayarwa. Buƙata daban, abin da aka samu daban, kuma duka a rubuce. Takardar ta ba da shawarar ɗaukar bayani duk daƙiƙa 30 da kuma duk minti 30, don haka gurabe 50 na riƙe tarihin minti 25 ko na awa 25. In sun cika, sabon bayani ya ture mafi tsufa. Haka ma wajen kama fakitoci: ana iya yanke kowanne a bayit 100 na farko, sannan a zaɓi ko ma'ajiya ta tsaya idan ta cika ko ta riƙa share na baya. Kowane layin umarni yana ɗauke da sunan mai shi, saboda kada wani ya kama wuri ya tafi a rasa wanda za a tambaya. Wannan aikin wanda ya san wahalar fagen ne.

Inda ta gaza shi ne ba ta ba mai sayen kaya lissafi ba. Jadawalin da ke bin hirar kowace kwamfuta da 'yar'uwarta yana kumbura da sauri: kwamfutoci 200 na iya haifar da hanyoyi 39,800 na aikawa da karɓa. Takardar ta yarda a share waɗanda suka daɗe ba motsi, amma ba ta ce ga ƙwaƙwalwar da za ta wadatar ba. Shi ya sa suwic da yawa ke ɗaukar rukuni huɗu kacal daga cikin rukunan RMON, ƙididdiga da tarihi da ƙararrawa da rajistar abin da ya faru, su bar masu cin wuri. Injiniyan da ya ga RMON a jikin kwali, ya tambayi waɗanne rukunai ke ciki kafin ya biya kuɗi.