Harshen Shirye-shiryen Fodkas na Hausa: Tsokaci Daga Doma

Tun da BBC ta buɗe sashen Hausa a 1957, Deutsche Welle ta biyo baya a 1963, rediyo ya zama makarantar daidaitacciyar Hausa, domin ana tace fassara kafin ta kai kunnen mai sauraro. Fodkas, wato shirin murya da ake saukewa ta intanet, ya sassauta wannan tacewa, tun da kowa na iya shirya nasa.

A Doma, garin Alago, inda Hausa take harshe na biyu ga jama'a da dama, mai sauraro kan ɗauki abin da ya ji a matsayin ma'auni. Shirye-shiryen siyasa masu edita, irin su "Najeriya a Yau" na Aminiya, sun gaji kalmomin da rediyo ya daɗe da ƙirƙirowa. A fagen fasaha kuwa, masu shiri kan jero Ingilishi ɗanye inda "manhaja" da "ƙirƙirarriyar basira" za su wadatar. Haka nan tarihi da al'adu sun karkata ga Kano da Sakkwato, alhali Alago na danganta asalinsu da Kwararrafa.

Saboda haka, wajibi ne manazarta su taskace waɗannan muryoyi, su kuma samar wa masu shiri ƙamus na keɓaɓɓun kalmomi.