Amon Jita da Kunnen Bahaushe: Sharhi kan Na'urar Kwaikwayon Amfilifaya

Wanda ya saurari makaɗan jita na majami'un Sabon Gari da Samaru, har zuwa Basawa, zai lura da cewa da wuya ya ga amfilifaya mai bawul, irin wadda sai ta ɗau zafi kafin ta yi magana, kamar rediyon da. Abin da ke gaban ƙafar makaɗi yanzu wani ɗan akwati ne mai ƙwaƙwalwar kwamfuta, wanda aikinsa shi ne kwaikwayon muryar waccan tsohuwar amfilifaya. Kamfanin Line 6 ya yaɗa wannan dabara da na'urarsa POD a 1998, sannan Kemper na Jamus ya fito da tasa a 2011.

Ba a ga laifin makaɗi ba. Fender Twin Reverb ta kusa kilo 30, bawul ɗinta gilashi ne, ba ya jure hawa da saukar wutar lantarki, balle jijjigar babur a kan hanyar Basawa. Ga shi kuma masana'antun da suka rage suna ƙera shi 'yan kaɗan ne, a Rasha da Sulobakiya da Sin, har ya yi tsada ƙwarai a 2022. Akwatin kuwa a jaka ake rataya shi.

Inda gizo ke saƙar shi ne abin da aka zuba a cikin akwatin. Muryoyin da ke ciki na Fender da Marshall da Vox ne, wato abin da kunnen Amurka da Ingila ya zaɓa ya ce shi ne daɗi. Su kansu waɗannan muryoyi asalinsu aibi ne: an ƙure wa bawul ƙarfi, sauti ya dushe, makaɗa suka ji ya yi musu, suka riƙe. To Bahaushe ya daɗe da nasa dushin. Makaɗin garaya yana maƙala ƙarfe mai 'yan zobba a kan sandarta don ta riƙa ziza, kuma kuntigin Ɗanmaraya Jos, wanda ya rasu a 2015, gwangwani ne da fata da tsirkiya ɗaya. Babu mai hankalin da zai nemi a tace wannan amo. Amma makaɗin jita da ya danna sunan Marshall ya karɓi hukuncin wani kunne tun bai taɓa tsirkiya ba.

Ba dole ba ne na'ura ta mayar da kowa ɗan kwaikwayo. Mdou Moctar, makaɗin jita Ba'abzine daga Nijar, a Sakkwato ya ɗauki kundinsa Anar a 2008, da gangar kwamfuta da muryar da injin ya lanƙwasa irin ta waƙoƙin finafinan Hausa. Masu son na gargajiya na iya ƙyamar abin, amma ba a rasa gane daga ina ya fito.

Abin lura kuma shi ne, na'urar Kemper ba ta san Marshall daga lasifikar maroƙi ba. Duk amfilifayar da aka jona mata, za ta auna ta, ta adana muryarta. Ke nan ana iya adana amon ƙaramar amfilifaya mai batir da ta sha ƙurar dandalin biki, kamar yadda aka adana ta London. Wannan aiki ne da ya dace da masu nazarin kiɗa a Jami'ar Ahmadu Bello, tun da sauran irin waɗannan amfilifayoyi a shagunan masu gyaran rediyo na Sabon Gari.