Tarihin da Ke Bakin Ma'aikatan Gwangwani

Shekaru hamsin da suka wuce, masanin tarihi a jami'o'in Amurka ba ya cika yarda da abin da bai gani a takarda ba. Yanzu kuwa zama gaban tsofaffi da rakoda ya zama sashe na sana'ar, har ana ba da digiri a kansa. Ina tare da wannan sauyi, kuma aikin Farfesa Vicki Ruiz ne babbar hujjata.

Ruiz ta ƙware ne a tarihin 'yan Latino, wato mazauna Amurka masu asali daga Meziko da sauran ƙasashen Latin Amurka. Tana ɗaliba a Jami'ar Stanford, a hannun Albert Camarillo, ta tafi Guadalajara a 1978 don ganawa da Luisa Moreno, haifaffiyar Guatemala wadda ta kai matsayin mataimakiyar shugaban ƙungiyar ƙwadago ta UCAPAWA, kafin a tilasta mata barin Amurka a 1950 bisa zargin gurguzu. Daga wannan zama aka samu digirin digirgir a 1982, sannan littafin Cannery Women, Cannery Lives a 1987.

Abin da littafin ya tono shi ne ya fi kama hankalina. A 1939 ma'aikatan kamfanin California Sanitary Canning da ke Los Angeles, masu zuba 'ya'yan itatuwa a gwangwani, suka shiga yajin aiki, kuma da yawansu matan Meziko ne. Kundin kamfani zai gaya maka albashi da yawan ma'aikata. Ba zai gaya maka cewa ƙanwa ce ta samo wa yaya aiki ba, ko cewa hirar da ake yi a tsaye, hannu na fere kayan marmari, ita ce ta ƙulla amana tsakanin 'yar Meziko da Bayahudiya 'yar Rasha har suka yarda su ajiye aiki tare. Wannan zumunci ne ƙashin bayan ƙungiyarsu ta UCAPAWA, kuma babu magatakardan da ya rubuta shi. Sai da aka tambayi matan. A wannan yajin, har 'ya'yansu ƙanana sun ɗauki kwalaye sun tsaya a ƙofar gidan masu kamfanin.

Ruiz ta koyar a El Paso da Davis da Arizona kafin ta zauna a Irvine. A 2015 ta shugabanci babbar ƙungiyar masana tarihi ta Amurka, 'yar Latino ta farko da ta hau kujerar, kuma a shekarar Shugaba Obama ya rataya mata lambar yabo ta ƙasa.

To amma ga inda raina ke ɓaci. Tun da waya ta sauƙaƙe ɗaukar murya, wasu sun ɗauka da zarar tsohuwa ta yi magana, tarihi ya kammala. Ba haka ba ne. Tsufa na haɗa shekara da shekara, kuma kowa na son ya fito da kyau a labarinsa. Ruiz ba ta tsaya ga hira ba. Ta gwama abin da aka faɗa mata da jaridar ƙungiyar da takardun lokacin. Wanda ya tara hira ya watsa ba tare da wannan tankaɗe da rairaya ba, ya bai wa masu raina hanyar makami, kuma ya cuci matan da suka ba shi amanar rayuwarsu.

Mu ma ba baƙi ba ne ga wannan. Mary Smith ta zauna da Baba ta Karo a ƙasar Zazzau, littafin tarihin rayuwar Baba ya fito a 1954, har yau da shi ake sanin zaman kishi da ƙawance na wancan zamani. Waɗanda suka yi aiki a masaƙun Kakuri a Kaduna da yawa suna raye, kuma sun cancanci mai tambaya da zai saurare su da haƙuri, sannan ya nemo takardun masaƙar ya gwada da abin da ya ji.