Jinjina ga Masu Rainon Shuke-shuken Tukunya

Masu rainon furanni da ke baje tukwane a bakin titi a Kano, Kaduna da Abuja, aikinsu ya wuce sayarwa. Su ne masu jinyar shukar da ta fara yaushi a falo ko baranda. In aka kawo musu wadda ganyenta ya koma rawaya, ba sa gaggawar ba ta ruwa, domin sun san yawan ruwa ya fi ƙishirwa kashe shukar tukunya: saiwa ta rasa iska, ta ruɓe. Mai lambu yakan nitsa yatsa cikin ƙasar, in ya ji danshi sai ya ce a dakata.

Wajen sauya tukunya ne gwanintarsa ke fitowa fili. Yakan kifa tukunyar a tafin hannu, ya bubbuga gindinta har dunƙulen ƙasar ya zame, sannan ya duba saiwa. Fara mai ƙwari lafiyayya ce. Baƙa mai laushi da wari sai yanka. Sabuwar tukunya kaɗan za ta ɗara tsohuwa, kuma dole ta kasance da huda a gindi. Ƙasar kuwa haɗi ce da yashi da takin shanu da ya daɗe da ruɓewa, don ɗanyen taki yana ƙona saiwa. Da yawansu sun fi son tukunyar laka, kuma da gaskiyarsu, tunda ruwa ba ya kwanciya a cikinta kamar ta roba.

Bayan dashe, shukar takan huta a inuwa kamar mako 2. Da hunturu kuma sukan goge ƙurar ganye da jiƙaƙƙen tsumma.